Canjin da ake bari a kantin gama kai: yana isa ga mai jin yunwa kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Minneapolis ta jihar Minnesota a Amurka, kuma kwanan nan na sayi hannun jari a wani kantin kayan abinci na ƙungiyar gama kai da ke unguwarmu. Duk ranar da na je biyan kuɗi sai mai karɓa ta tambaye ni ko na yarda a cike kuɗin ya zama dala cikakkiya, wai canjin za a ba masu ciyar da mabuƙata. Wata ƙawata ta ce dabara ce ta rage wa kanti haraji, gara in sayi abincin gwangwani in zuba a kwandon da ke bakin ƙofa. Wanne ne gaskiya? Kuɗin yana isa inda aka ce? Zan iya lissafa shi cikin zakkata? Sannan yayana yana cikin shugabannin ƙungiyar gama kai ta ma'aikata a Kano, yana tambaya ko za su iya yin irinsa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Na daɗe ina aikin lissafin kuɗi da ƙungiyoyin gama kai, na kuma zauna a kwamitin da ke zaɓen waɗanda za a miƙa wa irin wannan kuɗi, don haka tambayarki ta zo inda nake da abin faɗa.

Ki ci gaba da bayarwa muddin aljihunki zai ɗauka. A kantin da ake tafiyarwa bisa ƙa'ida kuɗin yana isa, kuma ya fi gwangwanin amfani nesa ba kusa ba. Maganar haraji da ƙawarki ta yi kuskure ce, duk da mutane da yawa sun hau kanta sun zauna. Sai dai akwai abin da ba ki tambaya ba wanda ya fi damuna: canjin nan kuɗinki ne da na maƙwabtanki, kanti karɓa kawai yake yi ya miƙa. Idan ana son a auna alherin ƙungiyar kanta, abin dubawa shi ne me ta fitar daga nata aljihun, kuma ko talakan unguwar zai iya shiga ya yi cefane ya fito da mutuncinsa.

Tunda kin sayi hannun jari, matsayinki a kantin nan ya wuce na mai saye. Kina cikin masu shi. Kina da ƙuri'a ɗaya, daidai da ta wanda ya shekara 30 a ciki, kuma kina da ikon neman a nuna miki lissafi. Wannan tsari ya samo asali ne daga garin Rochdale na Ingila, inda mutum 28, yawancinsu masaƙa da masu sana'ar hannu, suka haɗa kuɗi suka buɗe ɗan kanti a titin Toad Lane ranar 21 ga Disamba 1844. Fulawa da garin hatsi da sukari da man shanu da kyandir ne kaɗai a kan kantarsu. Abin da ya kai su ga haka shi ne algus da tauye mudu: 'yan kasuwar lokacin suna cuɗa alli a fulawa, suna danne sikeli. Wato tun ranar farko kantin gama kai maganin matsalar abinci ne ga masu ƙaramin ƙarfi, su da kansu suka kafa wa kansu. A 1995, a birnin Manchesta, haɗaɗɗiyar ƙungiyar gama kai ta duniya ta sake rubuta ƙa'idojin tafiyar guda 7, ta ƙara ta bakwai, wadda ta ce dole ƙungiya ta kula da al'ummar da take zaune a cikinta. Tara kuɗin da kike gani a ƙarƙashin wannan ƙa'ida yake.

Yadda ake yin sa ba wuya. Cefanenki ya kama dala 23 da senti 40, aka cike ya zama dala 24, senti 60 ɗin nan sai na'urar kanta ta rubuta shi a wani layi dabam. Ba ya shiga cinikin kanti. A littafin lissafi bashi ne a wuyan ƙungiya har ranar da za ta biya wanda aka tara dominsa. Idan kin duba rasit ɗinki za ki gan shi a ware da sunansa. Tsaka-tsaki, abin da kowane mai saye ke bari bai wuce rabin dala ba, amma da yayyafi kogi kan cika. Ɗauki misali: idan mutum 600 suka amsa da "eh" a rana, dala 300 ke nan, a wata kusan dala 9,000, a shekara sama da dala 100,000, daga kanti guda. Ba a buga takardar gayyata ba, ba a kama ɗakin taro ba, ba a biya mai yawon neman taimako ba. Shi ya sa masu ƙananan ƙungiyoyin agaji suke matuƙar son wannan hanya, domin kusan duk abin da aka tara yana zuwa hannunsu, kuma galibi ba a ɗaure shi da sharuɗɗa masu yawa irin na manyan gidauniyoyi.

A garinku akwai misali sananne. Kantin gama kai na Seward, wanda aka buɗe a 1972, ya fara shirinsa mai suna SEED a 2011. Kowane wata akwai ƙungiyar da aka ware wa canjin, kuma ma'aikatan kantin ne ke jagorantar zaɓen. Wannan yana da ma'ana, saboda mai karɓar kuɗi da ke yin tambayar sau ɗaruruwa a rana ya fi yin ta da zuciya ɗaya idan da hannunsa a zaɓen. A Burlington ta jihar Vermont, kantin City Market yana da irin nasa, inda yake ware kaso mafi tsoka ga babban wurin rabon abinci na yankin, sauran ya raba wa wasu ƙungiyoyi. A Minnesota kuma akwai gangamin watan Maris na Minnesota FoodShare, wanda aka fara tun 1982 domin cike wuraren rabon abinci na jihar, kuma kantunan gama kai da dama sukan juya canjin wannan wata gare shi.

Game da haraji: a dokar Amurka kanti ba shi da ikon neman ragin haraji a kan kuɗin da mai saye ya bayar sadaka, domin ba kuɗinsa ba ne, bai kuma shiga ribarsa ba. Idan akwai mai wannan haƙƙi, ke ce, in kin cika sharuɗɗan hukumar haraji kuma kin adana rasit. Kanti yana samun ragi ne kawai a kan abin da ya bayar daga dukiyarsa. Abin da yake samu daga canjinki shi ne suna da farin jini, kuma ban ga laifi a nan ba matuƙar ya faɗi gaskiya cewa masu saye ne suka tara. Inda nake tsayawa in yi magana shi ne idan na ga sanarwa ta ce "mun bayar da dala kaza" alhali ko sisin ƙungiya babu a ciki.

Yanzu maganar gwangwani, wadda nake so ki fahimta da kyau ki kuma isar wa ƙawarki.

Rabon abinci a Amurka hawa biyu ne. Akwai babban rumbu, wanda suke kira bankin abinci, mai manyan ɗakunan ajiya da na sanyi da motocin dakon kaya. Na farkonsa shi ne wanda John van Hengel ya kafa a Phoenix ta jihar Arizona a 1967. Yau ƙungiyar Feeding America tana haɗa kimanin irinsu 200, suna ciyar da ƙananan wuraren rabo da ɗakunan dafa abinci kusan 60,000. Na yankinku shi ne Second Harvest Heartland. Sannan akwai ƙaramin wurin rabo na unguwa, a coci ko masallaci ko makaranta, inda mabuƙaci ke zuwa da jakarsa. Tsakaninsu kamar Kasuwar Singa ce da shagon bakin layi: ɗaya yana hulɗa da tirela, ɗaya da mutum ɗaiɗai. Babban rumbu yana karɓar rarar manoma da kamfanoni kyauta ko a farashi ƙasa da na sari, ƙaramin kuma yana ɗauko kaya daga wurinsa da ɗan kuɗi kaɗan. Saboda haka dala ɗaya a hannunsu tana sayen ninkin abin da za ta saya a hannunki. Ke kin sayi gwangwanin wake a farashin kanta, har da ribar kanti da kuɗin haya da albashin ma'aikata a ciki. Su da wannan kuɗin za su iya ɗauko guda da yawa, ko su biya man motar da za ta kwaso tan-tan na dankali da wani manomi ya bayar. Idan kin ga tallar da ke cewa dala 1 tana samar da abincin ci sau 10, ma'anarta ke nan: yawancin abincin kyauta ne, dalar tana biyan ɗauko shi da adana shi da kai shi. Kantin gama kai na PCC a Seattle, wanda ya faro a 1953 da iyalai 15 masu sayen kaya tare, ya shafe shekaru yana amfani da kuɗin da masu saye suka bayar wajen sayo shinkafa da wake da hatsi buhu-buhu a farashin sari, 'yan sa-kai su ƙulla su a ƙananan leda a kai wuraren rabo. Wannan shi ne amfani da ƙarfin da kanti yake da shi wanda mutum ɗaya ba shi da shi.

Kwandon bakin ƙofa kuwa, sai wanda ya tsaya a teburin tantancewa ya san wahalarsa. Na tsaya. Za ki ga 'yan sa-kai, yawanci tsofaffin da suka yi ritaya, suna ɗaga gwangwani ɗaya bayan ɗaya suna neman ranar ƙarewarsa. Wannan ya lotse, a jefar. Wannan ya kumbura, a jefar. Wannan an ciro shi ne daga can ƙuryar kabad ɗin wani, ya wuce lokacinsa da shekara biyu. Bayan bukukuwan ƙarshen shekara sai ki tarar da katan-katan na kabewar gwangwani da miyar da ba wanda ya nema, man girki kuwa ko kwalba ɗaya babu. Na ga wata dattijuwa 'yar Somaliya ta ɗauki gwangwanin wake tana jujjuya shi, ta miƙa wa jikarta ta karanta mata abin da ke ciki. Yarinyar ta kai kan kalmar naman alade, dattijuwar ta mayar da shi a hankali inda ta ɗauko, ba ta ce komai ba. Ta fita da shinkafa da taliya kawai. Abin da gidanta ke buƙata a ranar shi ne fulawa, man girki, madara, albasa, naman halal da kunzugun jarirai, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ke faɗowa cikin kwando. Kuɗi ne ke sayo su. Minnesota tana da Somaliyawa da Oromo da 'yan ƙabilar Hmong da 'yan Latin Amurka masu yawa, kowa da cimarsa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wurin rabon da ke da kuɗi a hannu yana tambayar mutanensa abin da suke ci ya sayo musu. Wanda ya dogara da kwando sai abin da aka ga dama aka zubo.

Idan duk da haka kina son ki ba da kaya da hannunki, ki kira wurin rabon ki tambaye su abin da ya yanke musu a wannan makon. Za su gaya miki, kuma za su ji daɗin tambayar.

To, duk wannan yana rage yunwa? Yana rage ta a gidan da abincin ya shiga, a makon da ya shiga. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba na son a raina shi. Amma ki san girman ramin da ake cikewa. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce a 2023 gidaje 13.5 cikin 100 sun fuskanci ƙarancin abinci, mutum sama da miliyan 47 ke nan, a ƙasar da ke fitar da masara da waken suya zuwa duniya. A Minnesota, zuwan da aka yi wuraren rabo ya tashi daga kusan miliyan 5.5 a 2022 zuwa kusan miliyan 7.5 a 2023. Abincin yana nan jibge a kantuna. Kuɗin sayensa ne babu, domin bayan an biya haya da kuɗin asibiti da na mota da na rainon yara, cefane ne kaɗai abin da ake iya matsewa. Mai gida ba zai karɓi rabin haya ba, amma uwa za ta iya tsallake abincin dare ta ce ta ƙoshi. Da yawa daga masu bin layin rabon abinci suna da aiki, wasu ma biyu.

Babban abin da ke riƙe da mutanen nan shi ne tallafin gwamnati na sayen abinci, SNAP, wanda a 2024 yake kai wa kusan mutum miliyan 42 a wata, tsaka-tsaki kimanin dala 6 a rana ga kowane mutum. Feeding America da kanta takan ce duk abincin ci 1 da rumbunanta suka bayar, SNAP yana bayar da 9. Ki riƙe wannan lissafi. Ma'anarsa ita ce idan aka yanke kashi 10 cikin 100 na tallafin gwamnati, sai duk masu sadakar ƙasar sun kusa ninka ƙoƙarinsu kafin a koma inda ake. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta rage kuɗin shirin ta kuma tsaurara sharuɗɗansa, don haka nauyin da ke kan wuraren rabo ƙaruwa yake yi. A ɗaya ɓangaren, dokar da Minnesota ta yi a 2023 ta ba kowane ɗalibi karin kumallo da abincin rana kyauta a makaranta ta ciyar da yaran da canjin duk kantunan jihar ba zai iya ciyarwa ba. Kantin gama kai da ya san abin da yake yi yana tara canji, yana kuma sa baki idan ana muhawarar irin waɗannan dokoki.

Akwai kuma waɗanda tallafin gwamnati bai shafe su ba sam, kuma wannan ya taɓa mutanenmu kai tsaye. Ɗalibin da ya zo da bizar karatu ba ya samun SNAP. Yawancin manya masu sabuwar takardar izinin zama na dindindin sai sun jira shekara 5. Ga irin waɗannan, wurin rabon unguwa shi ne ƙofar da ta rage. Na san ɗalibai 'yan Afirka da suka ƙarasa zangon karatu da shinkafar irin wannan wuri, suna ɓoyewa saboda kunya. Canjinki yana iya zama nasu.

Wani abu da kwamitoci ke yawan mantawa shi ne lokaci. Hannun mutane yana buɗewa a Nuwamba da Disamba, sai wuraren rabo su cika har su rasa wurin ajiya. Buƙata kuwa takan yi tsanani a hutun bazara, daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da makarantu ke rufe yara suna gida. Amfanin canjin kanta shi ne ba ya yankewa, yana zuba duk shekara. Kwamiti mai hankali yakan ajiye watannin hutu ga masu ciyar da yara.

Na dawo kan abin da na ce ya fi damuna. Kantunan gama kai na Amurka na wannan zamani, irin su Seward da Wedge a garinku da Park Slope a New York, yawancinsu an kafa su ne a shekarun 1970 domin samar da abincin da aka noma ba tare da takin zamani da maganin feshi ba. Abinci ne mai kyau, amma da tsada. Sakamakon haka sai ki ga kanti a tsakiyar unguwar talakawa wanda talakawan ba sa shiga, masu hali su zo daga nesa su yi cefane, su bar canji domin a ciyar da mutumin da gidansa ke kallon ƙofar kantin. Wannan yana ci mini rai, domin masaƙan Rochdale kantin da za su iya saye a cikinsa suka gina. Lokacin da Seward zai buɗe reshensa na Friendship a 2015, a unguwar da ke da tsohon tarihin baƙaƙen fata a kudancin Minneapolis, mazauna wurin sun tashi sun tambayi wa za a ɗauka aiki kuma wa zai iya sayen kayan. Tambayoyin sun yi amfani, domin ƙungiyar ta ɗauki maganar ɗaukar 'yan unguwa aiki da muhimmanci, tana kuma da shirin ragi da sauƙaƙa kuɗin shiga ga masu ƙaramin ƙarfi. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, kuma ƙungiyar kirki ba ta gudun a tambaye ta.

Saboda haka idan babban taron shekara ya zo, ki je, ki ɗaga hannu. Ki tambayi nawa aka tara bara, wa aka ba, kuma kwana nawa kuɗin ke yi a asusun kanti kafin a biya. Wata ɗaya zuwa biyu daidai ne. Idan ya kai wata shida, ƙungiyar tana juya jarinta da kuɗin mabuƙata ne. Ki tambayi ko ana cire wani abu da sunan kuɗin gudanarwa. Ki tambayi ko ƙungiyar tana ɗora nata a kai, ko da a wata ɗaya ne cikin shekara. Ki tambayi wa ke zaɓen masu karɓa, kuma idan ɗan kwamiti yana da alaƙa da mai nema, yana fita daga ɗakin ko yana zama. Ƙananan ƙungiyoyin baƙi, waɗanda ba su da mai iya cike takardun neman tallafi da Turanci mai santsi, su ne aka fi tsallakewa, alhali su suka fi sanin gidajen da ba a ɗora tukunya ba. In kin san irinsu a cikin al'ummar Musulmi ko 'yan Afirka, ki karɓo musu takardar, ki taya su cikewa. Yawancin ƙungiyoyin agaji masu rajista suna miƙa wa hukumar haraji bayanin kuɗinsu na shekara a fom 990, kuma kowa yana iya duba shi a intanet.

Sannan ki tambayi abin da ya shafi kantin kansa. Akwai ragi na dindindin ga mai katin SNAP? Akwai jerin kayan yau da kullum, shinkafa da ƙwai da madara da wake, da aka danne ribarsu da gangan? Haɗakar kantunan gama kai ta ƙasar tana da irin wannan shiri mai suna Co+op Basics. Akwai kuma tsarin da aka faro a Detroit a 2009, Double Up Food Bucks, wanda ke ninka wa mai SNAP kuɗin da ya kashe a kan kayan lambu da 'ya'yan itace, manomin yankin ma ya samu ciniki. Burodi da madara da ganyen da ba a sayar ba fa, ina suke kwana? Tun 1996 akwai dokar Bill Emerson da ke kare wanda ya ba da abinci da kyakkyawar niyya daga ƙara, don haka tsoron kotu ba hujja ba ce ta zubarwa. Faransa ma ta wuce nan, tun 2016 ta hana manyan kantuna lalata abincin da ke ciyuwa. Tambaya ta ƙarshe, wadda mutane ke jin nauyin yi: ita yarinyar da ke tambayarki canji, albashinta yana isar ta cefane a kantin da take aiki? Ƙungiyar da ma'aikatanta ke bin layin rabon abinci bayan an tashi aiki tana da gyara a cikin gida kafin ta fita waje.

Kada kuma ki ji nauyin cewa a'a ranar da ba ki da shi. A kantin da aka horar da ma'aikata da kyau, tambayar sau ɗaya ake yi, da murya ƙasa-ƙasa, ba a kuma canza fuska idan an ƙi. Wanda ya zo da katin tallafi bai kamata a sa shi jin kunya a gaban layi ba. In kin ga ana matsa wa mutane, ki sanar da manaja.

Batun zakka, ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma ga abin da ya shafi ɓangarena. A matsayin sadaka babu matsala, ciyar da mai jin yunwa alheri ne ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba, kuma hadisi ya tabbata cewa a kare kai daga wuta ko da da tsagin dabino. Zakka kuwa tana da mutanenta guda 8 da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, ga kuma niyya. Canjin kanta ba ki da iko a kan inda zai faɗa: wani watan wurin rabon abinci ne, wani watan lambun makaranta ne ko ƙungiyar kare muhalli, kuma ko a wurin rabon ana iya biyan haya da wutar lantarki da shi. Shawarata ki bar shi a sadaka, ki fitar da zakkarki dabam ta hanyar da kika san ƙarshenta, ki kuma nemi fatawar malamin da kika yarda da shi.

Shi kuma Yaya, a gaishe shi. Cike canji yadda ake yi a can ba zai zauna daidai a Kano ba, domin ƙungiyoyin ma'aikata ba ciniki ɗaiɗai suke yi kullum ba. Saro shinkafa da sukari da mai da taliya suke yi, musamman gab da azumi, su raba wa mambobi, a riƙa cira daga albashi. Abin da zai yi aiki shi ne babban taro ya amince da ɗan ƙayyadadden kuɗi a kan kowane buhu ko katan, a rubuta shi a fili a takardar kowa, wanda ba ya so ya ce a cire shi. Kada shugabanni su yanke wannan su kaɗai, kuma su duba kundin dokokin ƙungiyar ko ya ba da dama. Ƙarfinsu yana wurin sari da lokaci: su sayi gero da masara da dawa da wake a Dawanau ko kasuwannin ƙauye da kaka, lokacin da farashi ya faɗi, su zuba waken a buhunan PICS masu hana iska shiga don kada ƙwari su cinye, su riƙe har tsakiyar damina, daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbuna suka ƙare sabon amfani bai iso ba. A azumi masu bayarwa suna da yawa. A watan Yuli ne ake neman su a rasa. Bankunan hatsi na ƙauyukan Nijar a kan wannan dabara aka gina su, kuma da yawa daga waɗanda suka durƙushe bashin da ba a biya ba da raunin riƙon amana ne suka kayar da su. Don haka kuɗin ya zauna a asusu dabam da na ajiyar mambobi, da sa hannun mutum uku, kada a ranta wa kowa ko da shugaba ne. Su fara da na kusa da su, masu gadi da masu shara da leburorin wucin gadi na ma'aikatar da iyalan abokan aikin da suka rasu, a kai musu gida ba tare da ɗaukar hoto ba. Mata su shiga kwamitin tantancewa, domin su ke shiga cikin gidaje. A kowane babban taro ma'aji ya karanto buhu nawa aka saya, a nawa, gida nawa aka kai wa, nawa ya rage a asusu, sannan a manna takardar a allon sanarwa na ofis.